Babban Yatsan Tela

Shekara ashirin da biyu tela ya yi yana taka keken ɗinki ba takalmi. Cewa yake sai tafin ƙafa ya ji ƙarfe kafin ɗinki ya miƙe. Shagonsa ɗan ɗaki ne a gaban gidan da suke zaune, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta tsakar gida. Matarsa ce take share guntayen ƙyalle da safe, ita take sa maɓallai, ita take ɗaga riga ta ce wannan kwalar ta karkace. Shi ya sa yake ce mata Sufeto.

Ya jima da ciwon suga. A hankali ƙafafunsa suka daina ji, bai gaya wa kowa ba. Wata safiya tana shara ta ga ɗigon jini a jere, daga gindin keke zuwa teburin yanka.

Ta ce, "Baban yara, ɗaga ƙafarka in gani."

"Sufeto, yau kuma ƙafa ce ta karkace?"

Karyayyar allura ce ta nutse a ƙarƙashin babban yatsansa na dama. Wurin har ya kumbura ya yi ruwa.

"Tun yaushe abin nan yake ciki?"

"Ni ina na sani? Ai kin ga amfanin ciwon, ko zafi babu."

Ta zare allurar da hantsaki, ta wanke da ruwan gishiri, ta ɗaure. Bayan sati biyu yatsan ya yi baƙi kamar an tsoma shi a tawada. Sai da ta yi kwana uku tana mita kafin ya yarda suka je asibiti.

Likitar mace ce, ba ta da kwana-kwana. Ta matsa yatsan da ƙarfi, tela bai ko motsa ba. Ta ce naman ya mutu, a cire shi cikin satin nan, sannan ya yi sati shida bai taka komai ba.

Ta ce, "Yau yatsa ne. In kuka bari, ƙafa ce. In kuka ƙara bari, ban san abin da zan ce muku ba."

Ta rubuta rana a kati ta miƙa wa matar, ba wa mijin ba.

To a satin ne aka kawo masa aikin da ya yi shekara uku yana bi: kayan ɗaliban wata sabuwar makaranta, duka, riga da wando. Bandir-bandir na shuɗin yadi sun cika shagon har ba wurin zama. Saura sati biyar a buɗe makarantar.

Da suka dawo ya zauna a kan yadin, ya ce, "Ki duba nan. In na kwanta sati shida, wani za a kai wa, kuma ba za su sake dawowa ba. Yatsan ya riga ya mutu. Wanda ya mutu gaggawar me yake yi? A gama, in kai musu da kaina su yanke."

Katin yana hannunta. Ta san in ta kafe, zai yi fushi na kwana biyu, ya ƙi cin abinci, sannan ya bi ta. Haka suka saba. Amma ita ma ta kalli yadin nan. Ta tuna rufin ɗakin yara da yake yoyo, ta tuna yadda ya dawo gida yana dariya ranar da aka ba shi aikin, dariyar da ta daɗe ba ta ji ba.

Ta ce, "To, a gama ɗin."

Abin da ta faɗa ke nan. Ba wanda ya tilasta ta.

Ya gwada takawa da hagu, keken ya dinga juyawa da baya yana tsinke zare. Ya koma dama, yana dannawa da diddige, yatsan a sama. Ita kuma ta zauna gefensa daga safe zuwa yamma tana sa maɓallai. Aiki ya yi kyau, wannan gaskiya ne. Riguna suka taru a kan igiya, layi-layi. Ranar da aka rubuta a kati ta zo ta wuce suna tsakiyar haɗa aljihu.

A sati na uku wari ya fara. Mai guga na shagon gefe, abokinsa tun suna samari, ya leƙo yana toshe hanci.

"Kai tela, ɓera ya mutu a ƙarƙashin keken nan ne, ko kai ne ka daina wanka?"

"Ɓeran shagonka ne, ya ji yunwa a can ya zo ya mutu inda ake da arziki."

Suka yi dariya. Tela ya kunna turare. Amma da mai guga ya same ta a bakin famfo, fuskarsa ba dariya.

"Matarmu, wannan ba warin ɓera ba ne. Na san shi. Da shi mahaifina ya tafi. Ki kai mutumin nan."

"Saura kaɗan a gama."

"Wa zai gama da wa?"

Ta ɗauki bokitinta ta shige. Kullum in ta kwance ƙyallen da ta naɗe ƙafar, sai ta sa alama da allin awo a inda baƙin ya tsaya. Washegari ya wuce alamar. Ya ci sauran yatsu, ya hau bayan ƙafa, ya kai idon sawu. Ta nuna masa. Ya kama hannunta, tafinsa zafi rau.

"Kwana shida, Sufeto. Kada ki kunyata ni a kan kwana shida."

A rana ta huɗu, da tsakar rana, ta ji keken ya yi shiru. Ta juyo ta gan shi ya kifa kai a kan wandon da yake ɗinkawa, yana sambatu, yana kiran awon ƙugu da tsawo na mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ita da mai guga suka cicciɓe shi zuwa mota.

Likitar ta buɗe ƙafar, ta rufe. Ba ta yi faɗa ba. Matar tela ta so a ce ta yi. Likitar ta ce kawai za a yanke daga saman gwiwa, yanzu, kuma dafin ya riga ya shiga jini, ba ta yi alkawarin komai ba. Aka kawo takarda. Shi ba ya cikin hayyacinsa, sai aka ba matar tawada ta dangwala.

Ya farka washegari. Ya daɗe yana kallon inda zanen gado ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa.

Ya ce, "Sun ɗiba da yawa."

"Sun ɗiba."

"Da yatsan kawai aka ba su."

Ta buɗe baki za ta ce ita ce ta yarda, ita ce ta ajiye katin. Ya riga ya rufe ido. Ya ƙara kwana biyu bai sake magana ba, ya cika da yamma, tana goge masa goshi.

Mutane suka cika tsakar gida. Kowa ya durƙusa gabanta sai ya ce ta yi haƙuri, abu ne ya zo ba zato. Ta dinga amsawa da kai. Sai da yayarsa ta faɗi haka, tana kuka, sannan ta ɗago.

Ta ce, "Yaya, ki daina cewa ba zato. An gaya mana. Kullum ina auna shi da hannuna, ina ganin yana tahowa, sai in koma in ci gaba da sa maɓalli."

Matan da ke gefe suka sunkuyar da kai.