Saƙon Borghild

Ranar Talata na je, don haka duk faɗin dutsen ƙanƙarar kusan ni kaɗai ne. Na ɗaura katakon zamiya kan ƙanƙara a ƙafafuna, na hau kujerar da igiya ke ja zuwa sama. Kujerun da ke saukowa babu kowa, sai guda ɗaya mai ɗauke da wata budurwa, ƙanƙara ta daskare a gashinta.

Da muka zo daf da juna ta ce, “Ka gaya wa Borghild na samo safar hannun.”

Ban san wata Borghild ba. Da na sauko na shiga shagon kofi, na ba tsohuwar da ke toya waina labarin ina dariya.

Ta ajiye cokali. “Ni ce Borghild, ɗana. Safar tawa ce. Na yar da ita a can sama, na matsa wa ƙanwata Tordis ta koma ta ɗauko. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ba ta dawo ba.”

Ta zuba mini kofi. “Ka ga alamar tana fushi?”

Na ce a'a. Gaskiya ban kalli fuskarta sosai ba.