Baƙin Mai a Robobin Hadassah

Duk unguwar Romi babu wanda bai san Hadassah mai kiwon sauro ba. Mutane na kiwon kaji su ci nama, ita kuwa robobi ta jera a bayan ɗakinta, tsutsar sauro na ta wutsil-wutsil a ciki. Damina guda ta yi tana tsugunne a bakin kwatoci da ludayi tana kwaso su. Wata jami'a ce a ƙasar waje ta buɗe gurbin digiri na uku kan zazzaɓin cizon sauro, kuɗin makaranta da na ci duk a kansu, Hadassah kuma ta kai zagayen ƙarshe. Abin da ya rage ta gwada ko sauron Romi ya daina jin maganin da ke jikin gidan sauro, ta tura sakamako mako mai zuwa.

Ranar Asabar ɗin tsaftar unguwa ta dawo daga wajen yayarta a Gonin Gora, ta tarar da robobinta baƙi ƙirin. Baƙin mai ya rufe ruwan, ko tsutsa ɗaya ba ta motsi.

Mama Juliana mai gidan tana tsaye da galan a hannu, baki har kunne. "Mun raba ki da ƙazanta, 'yata. Ugonna makanike ne ya ba mu man kyauta."

"Mama, karatuna kuka kashe."

Wannan wane irin taimako ne, jama'a? Shekara da shekaru kwatar ƙofar gidan nan tana wari babu wanda ya ɗaga tsintsiya, sai yau tsafta ta motsa musu, a kan robobin da ke rufe ruf da raga. Hadassah ta suri ludayi da bokiti ta fita neman wasu tsutsotsin.

Layi bayan layi, kowace kwata ta sha baƙin mai, kowane rami an cike shi da ƙasa. Ruwan sama kuma ya riga ya ɗauke. Ta dawo da bokiti wayam.

"Har layin bayan coci kuka bi, Mama?"

"Duk 'yan zumuntar matan coci muka fito," in ji Mama Juliana, tana goge hannu da zani. "Ba ke kika tsaya gabanmu ran Lahadi kika ce kada mu bar ruwa ya kwanta, ko na cikin gwangwani ba? To yau dai mun ji maganarki."