Inna Loreta Ba Ta Ƙwanƙwasa Ƙofa

Tun da hantsi Tamimu ya dawo daga kasuwar Aziziyya ta birnin Riyad da bayan mota cike: shinkafa, albasa, tumatir, rabin rago da kwandon lemo. Matarsa Zaituna ta dubi kayan, ta dubi fuskarsa, ba ta ce sun yi yawa ba. Ta san bai yi barcin kirki ba tun da waya ta zo daga Kanada cewa Inna Loreta ta rasu.

Inna Loreta ba Bahaushiya ba ce, ba kuma Musulma ba ce. 'Yar ƙabilar Bilakfut ce, mutanen da ke zaune a filayen kudancin Alberta tun kafin Turawa su san da wurin. Tamimu ya haɗu da ita yana ɗalibin injiniya, a sanyinsa na farko a ƙasar. Ita ke dafa abinci a makarantar. Ta lura da wani baƙin yaro da ba ya sayen komai sai shayi, kullum yana raɓe kusa da abin ɗumama ɗaki, da takalmin da ruwan ƙanƙara ya gama jiƙawa. Ba ta tambaye shi komai ba. Wata safiya ya buɗe ƙofar ɗakinsa ya tarar da tukunya naɗe cikin tawul, da manyan takalma a gefenta. Sai da aka yi makonni kafin ya gano mai ajiyewa.

Haka take yi wa kowa. A garinsu babu gidan da bai taɓa wayar gari da tukunyarta a bakin ƙofa ba: gidan mai jego, gidan da aka yi rashi, gidan da maigida ya rasa aiki. Ba ta ƙwanƙwasawa, ba ta jiran godiya, kuma ba a taɓa jin ta faɗi sunan wanda ta kai wa ba. Ta riƙe 'ya'yanta huɗu da jikoki da 'ya'yan dangi da ba a san iyakarsu ba. Da ta ji mahaifiyar Tamimu ta rasu tun yana sakandare, sai ta tara danginta, ta yafa masa bargo a kafaɗa, ta ce daga ranar ya maye gurbin ɗanta da ya mutu a haɗarin mota. Takalman nan ma na marigayin ne. Ta saya masa tukunya tasa daban. Da azumi takan tuƙa mota har Kalgari don ta samo masa naman yanka, tana mita duk hanya cewa rana a ƙasarsu ba ta da tausayin mai azumi.

Yanzu ta rasu, shi kuma yana Riyad, biza ba za ta fito ba kafin a binne ta. 'Yarta Sharon ta ce masa kada ya damu. Ta ce al'adar gidansu ita ce bayan an dawo daga maƙabarta a ci abinci tare, duk wanda ya taɓa ci daga hannun mamacin ya miƙe ya faɗi abu ɗaya da ya sani game da shi. Za su kira shi ta bidiyo, su ji daga ɓangarensa.

"Musamman mahaifin Kamil," in ji Sharon. "Har kwanakinta na ƙarshe tana tambaya ko sun shirya da ɗansa. Kalma ɗaya daga bakinsa za ta yi mana daɗi."

Tamimu ya yi mata alkawari. Ya buga wa mahaifin Kamil waya, wato Alhaji Badamasi, babban dillalin kayan gwari a Aziziyya kuma shugaban ƙungiyar 'yan gida mazauna Riyad, wanda ɗan nasa ke karatu a Kanada. Alhaji ya ce, "Insha Allahu zan zo." Tamimu ya ɗauka an gama magana.

Bayan Magariba ɗakin baƙin Tamimu a unguwar Murabba ya cika. Mata suna ciki wajen Zaituna. Aka shimfiɗa leda, aka jera manyan farantan shinkafa da nama. Isiyaku direba, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya leƙa faranti ya ce, "Injiniya, wannan makoki ne ko walimar suna? In haka ake yi a Kanada, a nema mini biza."

Aka yi 'yar dariya. Tamimu bai yi ba. Ya jingina wayarsa da tulun shayi, ya ce, "Nan da ɗan lokaci za su kira. Zan fara magana, sai Alhaji ya faɗi nasa."

Alhaji Badamasi ya gyara hannun babbar rigarsa, ya yi gyaran murya.

"Injiniya, na zo ne saboda kai. Amma maganar in tsaya in yi jawabi, a bar ta."

"Alhaji, ai mun yi magana."

"Cewa na yi zan zo, ga ni kuma na zo. Matar nan ba a kan addininmu ta mutu ba. Ni shugaba ne, abin da na yi shi za a kwaikwaya. Gobe a ce Badamasi ya jagoranci makokin wadda ba ta salla? Khalas, magana ta ƙare, a ci abinci a watse."

Tamimu ya juyo ya fuskance shi.

"Wa ya ce ka ja salla? Wa ya ce ka ɗaga hannu? Na ce ne ka buɗe baki ka ce ta kyauta wa ɗanka."

"Yaro ya yi hutu a gidanta, shi ke nan. Na aika mata dabino."

"Dabino," in ji Tamimu.

"Kwali guda, mai tsada."

Wani dattijo ya ce a tambayi malam. Duka suka juya ga Almustafa, ɗalibin shari'a daga Maraɗi, wanda ke zaune a lungu da kofin shayi. Ya ajiye kofin a hankali.

"Ni dai ba zan roƙa mata gafara ba, haka na karanta, kuma ba zan ɓoye wa Injiniya ba. Amma yi wa 'ya'yanta gaisuwa da faɗin alherin da ta yi, ban san wanda ya hana ba. In na ci tuwonta da na faɗa. Ban ci ba ne."

Isiyaku ya ce, "To, Alhaji, malam ya buɗe maka hanya. Yalla, ka taka."

"Kai, rufe mini baki, direban banza. Da manya nake magana."

"Allah ya huci zuciyar shugaba."

Alhaji ya juya ga Tamimu, muryarsa ta hau. "Kai ma abin naka ya yi yawa. Inna, Inna, kamar ba ka da dangi a Haɗeja. Mace mai wanke tukwane a makaranta ta ba ka tsohon takalmi, shi ne za ka tara mu kamar an yi rashin sarauniya?"

Tamimu ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba. Gwiwarsa ta bugi tulun shayi, wayar ta faɗi kan leda.

Shi kaɗai ne a ɗakin ya san abin da Alhaji ke kira hutu. Shekara uku da suka wuce Alhaji ya zo ɗakin nan, ya zauna daidai inda yake zaune yanzu, yana kuka har da majina. An kori Kamil daga makaranta, ya faɗa cikin abokan shaye-shaye, ya daina ɗaukar waya, ana tsakiyar sanyi. Tamimu ya kira Inna Loreta. Tana da shekara saba'in da ciwon gwiwa, ta shiga motarta ta bi tashoshin bas da gidajen kwanan marasa galihu har ta same shi, yatsunsa sun fara mutuwa. Ta kai shi gidanta. Ta wanke amansa, ta jure zaginsa, ta ɓoye makullin mota a ƙarƙashin matashinta. Wata biyar yana wurinta. Ita ta raka shi har ofishin makaranta ta zauna ta ƙi tashi sai da aka mayar da shi. Duk wannan lokacin Alhaji yana Aziziyya yana gaya wa mutane ɗansa na ɗaya a aji.

Maganar ta taho har bakin Tamimu. Ya san yadda zai jera ta, daga tashar bas har zuwa amai. Ya ga yadda fuskar Alhaji za ta zube a gaban mutanen da ke rusuna masa, kuma ya so ya ga hakan, ya so ƙwarai.

"Alhaji," ya ce, "kana so in gaya wa mutanen nan irin hutun da Kamil ya yi?"

Hannun Alhaji da ke riƙe da carbi ya tsaya. Ya ɗago ya dubi Tamimu, kuma a idonsa babu sauran shugabanci. Ido ne na mutumin da ya zo yana kuka shekara uku da suka wuce.

Sai Tamimu ya tuna ranar da ya tambayi Inna Loreta, ta waya, a wane hali ta tsinci yaron. Ta ce, "Yana jin yunwa, na ba shi abinci." Ya matsa mata. Ta ce, "Ɗana, in na faɗa maka, gobe da wane ido zai dube ka?" Abin da ya sani duk daga bakin Kamil ya ji shi daga baya. Ita har ta mutu ba ta faɗa wa kowa ba.

Ya ji haushin Alhaji, ya ji haushin kansa, har ita ma ya ji haushinta, da ta ɗaure masa baki daga cikin kabari.

"Ya ci abinci," in ji shi a ƙarshe. "Ya ci da yawa. Shi ke nan."

Isiyaku ya yi dariya don ya sassauta ɗakin, babu wanda ya taya shi. Alhaji ya miƙe, ya nemi takalmansa a bakin ƙofa, ya fita bai taɓa abincin ba. Mutum uku suka bi shi.

Wayar ta yi ƙara a kan leda. Tamimu ya ɗauka. Ga Sharon, idanunta a kumbure, bayanta wani babban zaure cike da mutane, tsofaffi da barguna a kafaɗa, yara na guje-guje tsakanin tebura. Can da sauran safiya.

"Yayana," ta ce, "muna jin ka. Mahaifin Kamil yana nan?"

"Ya zo," in ji Tamimu. "Ya tafi."

Ta gyaɗa kai, irin yadda mahaifiyarta ke yi, ba ta tambayi dalili ba. Wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce ta tambaya.

Ya shiga ciki ya ɗauko bargon, ya yafa a kafaɗa duk da zafin Riyad, ya dawo ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Ya yi magana da Turanci saboda su, yana juyawa da Hausa saboda na zaune. Ya faɗi tukunyar da ke cikin tawul. Ya faɗi takalman, da na wane ne. Ya faɗi yadda take ajiye masa kujera a kowane taron dangi ko da ya shekara goma bai je ba, da yadda ta koyi cewa "sannu" don ta gai da Zaituna, ta kuma yi ta faɗinta har a wurin ban kwana. Muryarsa ba ta yi laushi ba. Yana magana kamar mai faɗa, yana kallon gurbin da Alhaji ya bari. A can zauren wata tsohuwa ta yi dariya tana share hawaye.

Da ya gama, Almustafa ya matso kusa da wayar, ya dafa ƙirji, ya ce a faɗa musu yana yi musu gaisuwa, Allah ya ba su haƙuri. Isiyaku ya ce a gaya musu shi bai san ta ba, amma ga shi zai ci shinkafarta, kuma zai ci da gaske. Aka ci. Tamimu bai ci ko loma ɗaya ba.

Bayan mutane sun watse ya shiga kicin. Zaituna na kwashe sauran abinci.

"Da ka faɗa," ta ce, tana buga murfi. "Wallahi da ni ce da na faɗa. Mai wanke tukwane! Da ba don mai wanke tukwanen ba da gawa aka aiko masa."

"Ba ni babbar tukunyar nan," in ji Tamimu.

"Me za ka yi da ita?"

Ya cika ta da shinkafa, ya zaɓi tsokoki masu kyau ya ɗora, ya rufe, ya ɗauko tawul ya naɗe. Zaituna ta tsaya da ludayi a hannu.

"Kada ka ce mini gidansa za ka."

"Bai ci ba."

"To sai me? Ya mutu da yunwa mana!"

Ya ɗauki tukunyar ya sauka. Duk hanya yana zagin Alhaji a cikin mota, da ƙarfi, da sunayen da bai taɓa kiran babba da su ba. Ya hau benen gidan yana haki, tukunyar na ƙona masa ciki. A bakin ƙofa ya ga takalman Alhaji, ɗaya a kife, kamar an cire su da gaggawa. Daga ciki ana jin muryarsa ƙasa-ƙasa a waya, yana cewa, "Kamil, ka je wurin? Ka yi magana?"

Tamimu ya ɗaga hannu zai buga ƙofar, irin bugun da zai tara maƙwabta. Hannun ya tsaya a sama. Ya sauke shi. Ya dire tukunyar da ƙarfin da ya sa murfin ya yi ƙara, abin da Inna Loreta ba ta taɓa yi ba, ya juya ya sauka kafin a buɗe.