Gawo, Gawa, Gawayi

Haggai ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da aikin gona a wata sakandare a Zuru, bai kuwa taɓa samun ɗalibin da ya yarda cewa iska abinci ce ba. Suna dai rubutawa a jarrabawa, tunda maki ake ba su. Shekarar da aka yi ƙidayar jama'a ya yi ritaya, ya koma gonar gado da ke bayan duwatsu a hanyar Danko, wadda suke nomawa shi da wansa Abel, tsohon saja.

Gonar ta gaji. Dawa kan fito rawaya kamar mai ciwon shawara, ta kai ƙugu ta tsaya. Wuri ɗaya ne ya rage da rai: ƙarƙashin wani tsohon gawo a kufan gidansu, inda aka binne mahaifinsu Sila. A nan dawa ke shanye mutum har da hularsa. Abel ya ce albarkar Baba ce. Haggai ya san sauran bayanin. A saiwar gawon akwai ƙwayoyin halitta masu kamo naitirojin daga iska su mai da shi abincin ƙasa. Da damina itacen ya zubar da ganye, ganyen ya ruɓe, rana ta sami shuka. Da rani shanun Fulani su zo cin 'ya'yansa, su bar kashi a madadin godiya. Baban ma yana ciki, amma ba yadda Abel ke nufi ba. Saiwa ba ta san kabari ba. Ta daɗe da shanye tsohon ta hau da shi rassa, kowace shekara kuma yana saukowa kaɗan-kaɗan cikin tuwonsu.

Wata safiya, kafin ruwan fari, Haggai ya tarar da Abel a gindin itacen tare da Ɗanjuma, mai sana'ar gawayi daga Sakaba. Ɗanjuma ya rungume gindin yana auna kaurinsa. Saboda baƙo, Abel ya bar C'lela, harshensu na gida, ya kama Hausarsa ta bariki.

"Ticha, ka zo daidai. Na sayar wa Ɗanjuma gawa."

Ɗanjuma ya saki itacen ya riƙe ciki. "Gawo, Saja, gawo! Ni ba ni sayen gawa, ko an yi mini ragi."

"Ƙyale shi," in ji Haggai. "Yau ne Hausarsa ta fara faɗin gaskiya."

Ciniki ya riga ya faɗa: Ɗanjuma zai ɗauki itace, ya kawo buhunan takin zamani. Haggai ya ja wansa gefe, suka koma harshen gida.

"Yaya, abin da ke cikin buhun nan shi itacen ke ba mu kyauta duk shekara. Buhu ƙarewa yake yi."

"Yana ba mu a ina? Iyakar inuwarsa. Sauran gonar fa? Jikokina inuwa za su ci?"

"To Baba fa?"

"Baba yana wurin Ubangiji, je ka tambayi fasto. Na binne mutane a Laberiya da hannuna, ban ga wanda ya zama itace ba."

"Ka koma ka duba?"

Abel ya yi masa irin kallon da yake yi wa kurata. Haggai na da digiri, amma Abel ya riga shi zuwa duniya, kuma a gidan Sila ba a taɓa jin jami'ar da ke ba da wannan takardar ba.

Aka kawo injin yanka. Itacen da ya girmi cocinsu ya faɗi kafin Ɗanjuma ya yi sallar azahar. Aka tara gungumen kusa da kututturen, aka lulluɓe da ciyawa da ƙasa, aka sa wuta. Haggai ya riƙa zuwa kallon hayaƙin, tunda ba shi da wani aiki. Sinadarin kabon da ganyen ya tsinta daga iska tun zamanin kakanni yana komawa inda ya fito, abin da ya rage kuma za a ɗura a buhu a kai wa masu tsire a Sakkwato. Ya sha gaya wa yara cewa ba abin da ke ɓata, komai zagayawa yake yi. Bai gaya musu cewa zagayen bai yi alkawarin biyowa ta gonar kowa ba.

Damina ta sauka, aka barbaɗa takin. Ruwa mai ƙarfi ya kwashi rabonsa ya kai rafi, rafin ya yi kore shar da gansakuka. Haggai ya zauna jiran abu ɗaya da ya rage masa, wato a ga gaskiyarsa, ko sauran gawon da ke gonakin maƙwabta su tsira.

Sai dawar da aka shuka inda aka toya gawayin ta tashi kamar da gayya. Kara kamar gora, ganye baƙi ƙirin don ƙoshi, kan da ya fi na kowace shekara. Ranar Lahadi bayan sujada Abel ya jawo rabin ikilisiya zuwa gona, yana nunawa da sandarsa.

"Ga shi nan. Ticha ya ce ƙasa za ta mutu. Ku dubi mamaciya!"

Aka yi dariya. Haggai ya ce toka ce da garin gawayi. Ya ce abin da itacen ya tara ne ake cinyewa lokaci guda, baɗi zai ragu, daga nan kuma shi ke nan, ba ganye, ba shanu. Ya faɗa da C'lela, ya maimaita da Hausa. Suka saurare shi da ladabi, idanunsu na kan dawar.

Leah, gwauruwar da ke iyaka da su, wadda gonarta ta fi ta kowa yawan gawo, ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Ticha, kai ne mai waya. Taimaka ka kira mini Ɗanjuman nan."

Haggai ya ce ba shi da kati.

"Ba komai," in ji Abel. "Jibi kasuwa, zan gan shi. Wa da wa ke so?"

Hannaye suka tashi, fiye da yadda suka taɓa tashi a ajinsa.