Minti Ɗaya da Rabi na Hajjo

Ranar Talata ce Hajjo ta daina magana a karo na biyu. Na farkon shekara huɗu ke nan, a gadon asibiti, kuma wannan mijinta Malam Badamasi ya gane shi: ajali ne, an yi wanka, an yi salla, an kai ta. Na biyun ne ya kasa ganewa.

Da hantsi ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida, ya ɗora tabarau, ya taɓa wayar inda ya saba taɓawa. Shafin ya buɗe kamar kullum, da koren rubutunsa a sama, da sunan wani shirin noma da ya daɗe da tattara komatsansa. Amma a tsakiya, inda matan Durun suka saba fitowa zaune a tabarma da buhunan wake, sai wani fili mai ruwan toka, da ɗan zane kamar guntun fasasshen kasko, da layi ɗaya na Turanci.

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a Gwarzo, goma sha biyu daga ciki yana hedimasta. Ya san kowace kalma a layin nan. Haɗuwarsu ce bai sani ba. Wai an daina tallafa wa wani abu. Wane abu? Wa yake tallafa masa a da? Shi dai bai taɓa jin an nemi gudummawa ba.

Bidiyon na minti huɗu ne. Masu shirin noman ne suka ɗauka shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a Durun, ƙauyen su Hajjo, don a koya wa mata ajiye wake a buhu mai ninki uku ba tare da magani ba. Hajjo tana ciki minti ɗaya da rabi. Tana matse iskar ledar ciki da gwiwa, tana murɗe bakin, tana bayani, tana dariya saboda ɗankwalinta ya zame. Ba wani wuri a duniya da muryarta ta rage sai nan. Hotuna akwai, uku, duk ta ɗaure fuska kamar za a yi mata allura.

Ya kashe wayar ya kunna. Ya goge fuskarta da bakin riga. Ya fita ƙofar gida inda sabis ya fi ƙarfi, ya ɗaga ta sama kamar mai neman wata. Filin tokar yana nan. Ya sa hula ya nufi kasuwa.

Sagiru mai gyaran waya tsohon ɗalibinsa ne, yanzu da furfura a gemu da 'ya'ya shida, amma har yau in ya hango Malam sai ya miƙe ya gyara wuyan riga. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da sanyi. Malam ya ajiye wayar a kan teburin, cikin ƙananan sukurori.

"Ta lalace," ya ce.

Sagiru ya duba, ya ɗan ja numfashi ta hanci. "Malam, wayarka lafiya lau take."

"To bidiyon ya lalace."

"Shi ma lafiya lau yake."

"Madalla. Kowa lafiya. Ashe ni ne mara lafiyar."

Sagiru ya yi dariyar da ɗalibi yake yi in bai tabbata wasa ake ba. Ya jawo wa Malam benci. "Yadda abin yake, shi wannan bidiyon tsohon yare yake yi. Waya ba ta jin yaren, sai an sa mata wani ɗan abu a tsakani, fulogin muke ce masa. Kamar tafinta. To tafintan ne aka yi wa ritaya. Daga yau."

"Ni ma an yi mini ritaya. Ban daina jin Turanci ba."

"Shi nasa har da kulle ofis."

"Wa ya kulle?"

"Masu shi."

"Suna ina?"

Sagiru ya nuna wajen yamma da sukundireba, ya sake tunani, ya nuna sama.

Malam ya cire tabarau ya dube shi. "Bari in bi ka a hankali, Sagiru, don lissafinka bai taɓa yin kyau ba. Bidiyon yana nan?"

"Yana nan."

"A cikin wayata?"

"A'a. Bai taɓa zama a wayarka ba. Leƙa shi kake yi daga nesa."

"To yana nan a nesan?"

"Yana nan. Amma ba mai buɗe shi."

"Abin da ba mai buɗe shi, da me aka san yana nan?"

Sagiru ya sosa gemu. Wani mai sayen caja ya tsaya yana saurare, ya ga ba faɗa ba ne, ya wuce.

"Ai sun yi ta sanarwa," in ji Sagiru. "Tun bara wani ɗan akwati ba ya fito maka in ka buɗe shafin?"

Yana fitowa. Kullum sai Malam ya rufe shi da sauri ba tare da ya karanta ba, don ya ɗauka tallan maganin ƙarfi ne ko na caca. Mutumin da ya karanta duk littafin da ya shigo laburaren makarantarsa, har da na gyaran injin ban ruwa, bai karanta layi biyun da aka rubuto masa ba. Bai faɗa wa Sagiru haka ba.

"Kuma Malam," Sagiru ya rage murya, "ka tuna shekarar da Hajiya ta rasu, da na sa maka shafin, na ce bari in nemi hanyar da zan cire maka shi ka ajiye. Ka ce a'a."

Ya tuna. Kalmar cirewar ce ta ɓata masa rai. Ya ce abin da aka ajiye don jama'a ba a cire shi a kai gida, shafin nan laburare ne, mai yage takarda daga littafin laburare kuwa ɓarawo ne ko da hoton uwarsa ne a jiki. Shi kansa Sagirun ya taɓa shan bulala shida a kan taswirar da ya yage a aji biyar. Maimakon haka sai Malam ya kwafe adireshin shafin a littafinsa na aljihu, harafi bayan harafi, ya ja layi a ƙasa. A saninsa, wanda ya riƙe lambar littafi da lambar kanta bai rasa littafi ba.

Ya fito da littafin aljihun yanzu ya buɗe. Adireshin yana nan da kyakkyawan rubutunsa.

"Adireshin daidai ne," in ji Sagiru. "Gidan ma yana nan. Ƙofa ce babu."

Ya gwada a kwamfutarsa, ya gwada a wayoyi biyu na mutane da ke jiran gyara. Ko'ina guntun kaskon nan ne. A ƙarshe ya ce wataƙila a Kano a sami wanda ya fi shi, amma bai yi alkawari ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a nemo asalin. Masu irin wannan shirin noman sukan bar faifai.

Faifai. Malam ya tuna an ba ƙungiyar matan faifai ɗaya a cikin farar takarda, har aka yi tafi.

Ya hau mota zuwa Kabo, daga nan ya hau babur zuwa Durun. A hanya ya yi ta ƙoƙarin jero maganar Hajjo a ransa. Ya ji ta fiye da sau dubu, ya ɗauka ya haddace. Kalmomin suna zuwa, amma da muryarsa suke zuwa, muryar mai karanta sanarwa a taron iyayen yara. Inda take jan "to" ɗinta kafin ta ɗaure igiya, ya san tana ja, ya kasa jin yadda take ja. Ya ce wa mai babur ya ƙara wuta.

Ikilima ce shugabar ƙungiyar a wancan lokacin, ƙawar Hajjo tun suna tallan nono. Ba ta gida, aka ce tana lambu. Ya same ta a bakin fadama, cikin 'yar gonar alkamarta ta rani, ta tsufa ta rage tsawo amma bakin yana nan.

"Lale da Malam na littafi. Yau wace takarda ce ta ɓata har aka tuna da mu?"

Suka gaisa. Ta yi wa Hajjo addu'a, ya amsa. Sannan ya yi mata bayani, kuma da yake shi ma bai gane ba, bayanin ya fito a karkace: akwai tafinta, an sallame shi, gida yana nan, ba ƙofa.

"Wane tafinta?" in ji Ikilima. "Ai da Hausa ta yi maganar."

"Ba ita ake fassarawa ba. Wayar ake fassara wa."

"Wayar ba ta jin Hausa?"

"Ba ta jin bidiyon."

"Amma jiya tana ji."

"Jiya tana ji."

Ikilima ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda karatu ya yi wa yawa. "To Allah ya sawwaƙe. Me kake so yanzu?"

"Faifan da suka ba ku."

"Au, wannan." Ta juya ta miƙa hannu. "Ga shi can yana aiki."

An ja igiya daga wannan turke zuwa wancan a saman alkamar, an rataya ledoji da gwangwanaye da tsofaffin faya-fayai huɗu, suna juyawa suna walƙiya don korar tsuntsaye. Ta nuna na biyu daga dama.

"Ba mu da abin kunna shi," ta ce. "Shekara biyar yana cikin kwalla. Na ga ba ya tsare komai a can."

Malam ya bi kunya a hankali, ya kwance zaren. An huda faifan da ƙusa mai zafi a gefe. Rana da ruwa sun ɗaye azurfar bayansa, rabinsa ya zama gilashi, yana ganin yatsunsa ta ciki. Ko Sagiru ba sai an tambaya ba.

Ikilima ta zo ta tsaya kusa da shi.

"In don maganar ce, ai ina da ita," ta ce. Ta kama gefen zanenta kamar bakin buhu, ta danna gwiwa a iska. "Ki matse, ki fitar da iska duka, ƙwaro ma numfashi yake. Ki murɗe, ki lanƙwasa, ki ɗaure. Na biyu ma haka."

"Ba haka ta ce ba. Ta ce ƙwaro ma mai rai ne."

"To, ka ga ka fi ni. Me ya rage?"

Ya goge ƙurar faifan da babban yatsa.

"Shekara talatin da huɗu tana magana a gidanka, Malam. Kullum in ta zo nan sai ta ce, shi dai in kana so ya ji ka, sai ka zama takarda." Ta faɗa ba da zafi ba, tana korar wata tsuntsuwa da hannu. "Ranar ma ai kana nan. Ga ka can gindin ɗorawa a kan babur, da jarida."

Yana nan. Shi ya kawo ta, yana ta duba agogo, yana cewa an tara mata ana wasa da hankalinsu don a samu hoton nuna wa Turawa. A bidiyon ba a ganinsa. Abin da ake gani shi ne ƙarshen minti ɗaya da rabin: Hajjo ta ɗaure buhu na uku, ta tafa hannu ta kakkaɓe, sai ta juya hagu, ta kalli wani wuri a bayan mai ɗauka, ta ce, "Malam, na faɗa daidai?" Ta tsaya da murmushinta tana jira, daƙiƙa biyu, uku. Sai a yanke zuwa wani mutum mai hular kwano yana bayanin riba.

"Ta tambaye ka wani abu, na tuna," in ji Ikilima. "Muka yi ta yi mata tsiya, wai sai hedimasta ya sa mata maki. Me ka ce mata ma?"

"Ban ji ba a lokacin."

Ya ji. Ya ɗaga hannu ɗaya bai ɗago kai daga jaridar ba. A hanyar komawa Gwarzo ta sake tambaya daga bayan babur, ya ce mata ai har sau huɗu ta faɗi "ninki uku", mai sauraro ba kurma ba ne. Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Shekara huɗun nan kuwa, kowace safiya in bidiyon ya kai wurin, sai ya ji amsar ta taso masa har maƙogwaro. Sai ya duba tsakar gidan da ba kowa, ya ga bai kamata mutum mai hankali, wanda ya karanta abin da ya karanta, ya zauna yana yi wa waya magana ba. Sai ya bari sai gobe. Tambayar ai tana nan, ya san adireshinta.

Tsuntsayen sun lura da giɓin da ke igiyar, biyu sun sauka a kan zangarniya.

"In za ka tafi da shi, tafi da shi," in ji Ikilima. "Zan sa gwangwani."

Malam ya juya faifan. A ɓangaren da azurfar ta rage ya ga ido ɗaya da rabin tabarau. Ya mayar da zaren cikin hudar, ya ɗaure a igiyar, ya murɗe, ya lanƙwasa, ya sake ɗaurewa. Faifan ya juya ya kama rana, tsuntsayen suka tashi.

Ya yi mata sallama, ta ce ya gaida gida, sannan ta tuna ba kowa a gidan, ta ce ya sauka lafiya. Mai babur yana jira a bakin hanya. Malam ya hau, ya sa hannu a aljihu ya taɓa wayar da ke lafiya lau da littafin da adireshinsa ke daidai. Kalma huɗu ce, kuma ko yanzu da iska ke kaɗa masa riga, ba mai ji sai ƙeyar mai babur, leɓensa bai motsa ba.

Daidai kika faɗa, Hajjo.