Bidin Alhaji Abbas

"Ni ban ce ka yi ƙarya ba," in ji Kawu Sama'ila. "Cewa na yi dokin da ke cikin wayarka daban, wanda ya yi gudu jiya daban."

Jafaru ya ce ai lissafi ba ya son kai. Da ƙarfi ya faɗa, don mutanen da ke zaune bakin barga su ji. Ya ce kowane doki da ranarsa, kuma mahayin ne ya sakar masa linzami da wuri. Kawun bai ɗago ba. Harawa yake zuba wa akawalinsa, baƙin dokin da aka bari a turke saboda maganar Jafaru.

Shekara biyu ke nan Jafaru yana bin sakamakon sukuwa, daga Daura zuwa Mashi har Zango. Inda bai je ba sai ya buga waya a faɗa masa. Dokin da ya zo na ɗaya maki goma, na biyu bakwai, na uku biyar, sai ya raba da yawan fitowarsa. Tun da ya gama sakandare bai sami abin da ake kiransa dominsa ba sai wannan. Da masu dawakin Baure suka zauna zaɓen dokin da zai wakilce su a Daura, shi aka ba tabarma a tsakiya. Ya karanta musu: bidin dokin Alhaji Abbas takwas da ɗigo huɗu, akawalin kawunsa shida. Kawun ya ce shi dai idonsa bai kwanta da bidin nan ba. Jafaru ya yi dariya a gaban dattawa, ya ce ai ido ba mudu ba ne. Aka yi dariya tare da shi. Babu wanda ya ƙarasa masa karin maganar.

Abin da wayar ba ta sani ba, Alhaji Abbas ya sayar da bidinsa Nijar tun bara da kaka, ya sayo wani a Mai'aduwa. Launi ɗaya, turke ɗaya. A bakin mutane kuwa suna bai canza ba, wannan ma bidin Alhaji Abbas ne. Nasarorin tsohon doki duk Jafaru ya ɗora wa duƙushin da bai taɓa ganin taro ba.

Jiya a Daura, ana kaɗa tuta duƙushin ya firgita. Ya yi gefe, ya watsar da Sadiq mahayi a kwanar farko, ya ƙarasa fili shi kaɗai da sirdi a karkace. Yanzu Sadiq yana gida da ɗori a kafaɗa.

Jafaru ya ci gaba da magana. Ya kawo zancen rairayin fili, ya kawo zancen zafin rana. Shi kansa yana jin muryarsa tana sirancewa. Mutanen bakin barga suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce zai je alwala, alhali la'asar da saura.

Da suka rage su biyu, kawun ya kakkaɓe hannu, ya zauna a kan turmi. Ya ce kuskure ba abin kunya ba ne, shi ma ya taɓa sayen makahon doki da rana tsaka. Ya ce Alhaji Abbas ɗan kasuwa ne, bai san bambancin doki da doki ba, aka yabi nasa ya ji daɗi ya yi shiru. Amma Jafaru a bargar nan ya tashi. Tun yana ɗan shekara bakwai ya iya duba haƙorin doki ya faɗi shekarunsa.

Jafaru ya tuna abin da ya yi. Jiya da safe, kafin a ɗaura sirdi, ya zagaya bayan mota inda aka ɗaure bidin. Wani abu a tsayuwarsa ne bai yi masa ba. Ya ɗaga leɓensa, ya ga dokin ko famfara bai gama ba. Ya saki leɓen. Ya waiga, ya ga Sadiq yana ɗaure hula yana murmushi, dattawa na nuna shi da baki wai ga mai lissafin nan. Sai ya sa hannu a aljihu ya koma cikinsu.

Ya ɗauka babu wanda ya gan shi.

"Ina bakin motar, ɗana," in ji kawun a hankali. "Da ka buɗe bakinsa, me ka gani?"