Waƙoƙin da Kwamfuta Ta Cinye

Murja ta faɗo ɗakin kwamfuta na tsohuwar makarantarsu a Birnin Kudu ko sallama ba ta ƙarasa ba. Malam Safiyanu, wanda ya fara koya mata riƙe linzamin kwamfuta, yana goge allo. Ya juyo ya ga idanunta sun kumbura.

"Malam, na kashe kaina," ta ce, ta ajiye kwamfutar da ta aro a kan tebur. "Gobe kafin sallar Juma'a za a rufe karɓar kundi. Wanda bai kai ba sai baɗi."

Kundin kammala karatunta ne a sashen Hausa na kwalejin ilimi. Ta yi shi a kan waƙoƙin daka na matan Sara, garinsu da ke ƙasar Gwaram, kuma kusan dukkansu daga bakin kakarta Hawwa ta ɗauko su. Kakar ta rasu bayan babbar salla.

Malam ya jawo mata kujera. "Zauna tukuna. Me kika taɓa?"

Ta ce da ta gama bugawa sai ta ga jan layi a ƙarƙashin kusan kowace kalma. Ita kuwa tun firamare ta san in aka ja maka jan biro, ka yi kuskure ne. Ta ji kunyar kai wa malamin da ke duba aikinta takarda jawur. Sai wata ƙawarta ta nuna mata inda ake dannawa kwamfuta ta kawo gyara. Ta yini tana dannawa, tana karɓar duk abin da aka ba ta, ba ta tsaya karantawa ba, murna take jan yana ɓacewa. Ta adana, ta rufe, ta kwafe a kan tsohon da ke filashi.

Malam ya buɗe. Shafi bayan shafi, kalmomin Turanci ne marasa kan gado, jefi-jefi da ragowar Hausa.

"Ba ki yi kuskure ba ai tun farko," ya ce a hankali. "Ƙamus ɗin da ke cikinta na Turanci ne. In ta ja layi, cewa take ba ta san kalmar ba. Kuma layin ba ya fita a takarda."

Murja ta dafe kai.

Ya gwada komawa baya, bai yiwu ba tunda an rufe. Ya nemi tsohon kwafi a inda kwamfuta kan ɓoye irinsa, babu. Ya duba filashin, shi ma ya tafi. Ya tambayi muryar kakar da ta naɗa a waya. Ta ce wayar ta faɗa rijiya da damina.

"To, mu yi abin da za mu iya," ya ce. Ya kashe mai duba rubutun, ya kashe mai gyara da kansa, ya sa ta maimaita a gabansa har ta iya. "Bayaninki ke kika rubuta, za ki gane shi ki mayar. Waƙoƙin fa?"

"Akwai tsofaffin kalmomi, akwai Fillanci a ciki. Ban haddace ba. Ko in cike da nawa? Wa zai sani?"

"Ke za ki sani. Babu wadda ta rage cikin masu yi da kakarki?"

Akwai Inna Jummai, ƙanwar marigayiyar.

Rana ta take sosai lokacin da mota ta sauke ta a Sara. Ta tarar da Inna Jummai a gindin darbejiyar tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"A'a, 'yar boko! Yau kuma me aka zo a kwashe mana?"

Murja ta durƙusa ta gaishe ta, ta zayyana mata komai. Tsohuwar ta saurara, ta ce ita ba ta gane yadda akwati zai ci waƙa ba, amma bari ta gwada. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta ɗauko baiti ɗaya, ta tsaya. Ta sake ɗaukowa, ta tsaya a wuri guda. Ta kama wata, ita ma ta kuɓuce mata.

"Inna, don Allah ki tuna. Wadda ake cewa shanu sun gangara mashaya."

"Na san ta mana! Tana nan a bakina, ta ƙi fitowa." Ta yi tsaki. "Ni ban taɓa yin ta a zaune ba. Yaya Hawwa ce mai iya wannan. Ni sai da taɓarya a hannu."

Murja ta duba tsakar gidan. Tunda aka kawo injin niƙa bakin kasuwa ba wanda ya ƙara surfe a gidan. Turmin na kife a jikin rumbu, kaji na kwana a kai. Taɓarya ɗaya an tokare ƙofar garken awaki da ita. Ta miƙe ta mirgino turmin da kanta, ta wanke shi, ta shiga maƙwabta ta aro wata taɓaryar da wayar matar gidan, ta ɗebo gero a rumbu ta yayyafa masa ruwa.

"Da wa zan yi?" Inna ta tambaya. "Ba a yi mutum ɗaya."

"Da ni."

"Ke? Da hannun nan naki kamar tuwon shinkafa?"

Ta kunna naɗar murya, ta jingina wayar da ƙwarya. Suka fara. Murja na saurin saukewa, taɓarensu na karo, gero na tsalle waje.

"Ke, jira ni! Kora ake yi? In na ɗaga ki sauke."

Da ƙyar suka daidaita. Can da bugun ya zauna, sai muryar tsohuwar ta fito, siririya amma ba gargada, baiti na bin baiti. Matar maƙwabcin ta leƙo ta katanga, ta shigo ta kama amshi. Wata dattijuwa mai wucewa da tallar nono ta sauke ƙwaryarta ta gyara musu wata kalmar Fillanci. Tafin Murja ya yi ƙuna, ya tashi, ya fashe, ba ta saki ba, don ta lura duk sanda bugu ya tsaya waƙar ma tsayawa take.

Geron ya surfu, suka zuba wani. Inna ta fara haki. Murja na so ta ce a huta, tana kuma tsoron a huta.

Waƙar shanun ce ta zo a ƙarshe. Sun kai tsakiyarta Inna ta jingina taɓarya da turmi, ta zame ta zauna a ƙasa.

"Shi ke nan, 'yar nan. Kafaɗata ta ƙi."

Maƙwabciyar ta karɓi taɓaryar, suka ci gaba da bugu ko za ta bi su daga zaune. Inna ta motsa baki, ta girgiza kai. Waƙar ba ta zo ba. Murja ta kawo mata ruwa, ta zauna kusa da ita tana danna mata kafaɗar, ba ta ƙara roƙo ba.

Ta kwana tana mayar da bayaninta, washegari da sassafe ta koma wurin Malam Safiyanu da wayar maƙwabciyar. Shi yana kunna muryar yana tsayarwa, ita tana bugawa da yatsun da ba su fashe ba. Da suka iso waƙar shanu ta buga rabin da ta samu, ta rubuta a ƙasa cewa sauran ya tafi da Hawwa ta Sara.

Ana kiran farko na sallar Juma'a ta isa ofishin malamin da ke duba aikinta, yana ƙoƙarin kulle ƙofa. Ya karɓi kundin, ya buɗe tsakiya, ya daɗe a shafi ɗaya. Sannan ya mayar da makullin aljihu, ya koma ciki ya sa hannu.